Likita Ya Ce Yana Ji, Gida Ya Ce Ba Ya Ji

Gwaggo mai filin shawara,

Ki taimake ni, dabarata ta ƙare, kuma ni ba mutum ba ne da ya saba furta wannan maganar. Wataƙila ma na girme ki, amma tunda duk duniya Gwaggo take ce miki, ni ma na bi layi. Shekara da shekaru ina karanta wannan fili ina yi wa masu rubuto miki dariya, ina cewa yaya mutum da hankalinsa zai kwashi sirrin gidansa ya kai wa jarida. To yau ga ni, da furfurata, da tabarau a kan hanci, ina rubuta nawa.

Ni mai gyaran rediyo ne. Ko in ce a dā, don tun da waya ta shiga hannun kowa, masu kawo mini aiki tsofaffi ne irina, su ma hira ce ke kawo su, rediyon hujja ce kawai. Shagona yana jikin gidanmu, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Akwai teburin aiki, da benci, da kanta uku cike da gawarwakin rediyo waɗanda masu su suka ce za su dawo jibi, yau shekara goma sha wani abu.

Maganar a kan jikana ce, ɗan shekara shida. Ubansa ɗana ne na biyu, yana tuƙa motar wani kamfanin burodi, Direba muke ce masa. Yaron kuwa Manaja, kuma ni na laƙaba masa, don tun yana shekara uku ya karɓe shagon daga hannuna. Da safe zai shigo ba sallama ba gaisuwa, kamar kowane manaja na gaske, ya zazzage gwangwanin matattun batura, ya jera su a kan benci daga babba zuwa ƙarami, kowane kansa na kallon taga. In ka kuskura ka gusar da ɗaya, ranar sai maƙwabta sun leƙo suna tambayar wa ya rasu.

Bai yi magana ba sai da ya kusa shekara huɗu. Ran da bakin ya buɗe kuma, ba Mama ya kira ba, ba Baba ba. Gaisuwar mai karanta labarai ya kwaso mana tun daga farko har ƙarshe, da muryar mutumin, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara. Har yau in ka tambaye shi ko zai sha shayi, sai ya mayar maka da tambayarka yadda ka yi ta, ko ya karanto maka tallan sabulu. Ba ya kallon mutum a ido. Yara na wasa a tsakar gida, shi yana gefe yana juya murfin kwalba. Ki kira sunansa sau goma, kamar da bango kike.

Wata biyar da suka wuce uwarsa ta zo ƙofar shago ta durƙusa. Tela ce, yarinya mai kunya, tunda aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin muryarta ta wuce ta keken ɗinkinta ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafi, sannan ta ce mini wai yaron nan fa ba ya ji. To ni da na ƙare rayuwata a cikin rediyo, in aka ce abu ba ya ji ko ba ya magana, waya da lasifika nake fara dubawa. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, kunne ne. Washegari na saka babbar riga, na kama hannun Manaja, muka nufi asibiti.

Muka zauna a benci tun hantsi har rana ta take. Ni na gaji, shi kuwa ya samu fankar sama yana kallo, da za a bar shi da ya kwana a wurin. Likitar yarinya ce da ba ta kai autata ba. Ta shigar da mu wani ɗan ɗaki mai laushin bango, ta ɗauko abin sawa a kunne. Manaja ya ce bai san zancen ba, sai da aka saka mini wani ni ma, muka zauna kamar matuƙa jirgi biyu. Aka fara sakin ƙara ƙanana ƙanana. Yaron nan yana waiwayar sautin da ni ban ma san an sake shi ba. Da aka gama, likita ta ce kunnen jikana lafiya lau, amma in na samu lokaci in dawo a duba nawa.

Ba ta tsaya nan ba, kuma daga nan laifina ya fara. Ta yi mini tambayoyi kamar za ta ba ni aiki. Ko yana nuna abu da yatsa don mu gani, ko yana wasa da yara, ko ƙara na damunsa, ko yana fushi in an canja masa abu. Duk amsar da na bayar sai ta gyaɗa kai ta rubuta. A ƙarshe ta ambaci wata kalma, wai otizim. Na tambaye ta ko otomatik take nufi. Ta yi murmushi ta ce ba ita ce za ta yanke hukunci ba, akwai likitan da aikinsa ke nan, yana ganin yara ranar Talata a ginin baya. Ta ba ni takarda biyu, ta gwajin kunne da ta zuwa wurinsa.

Da za mu fita na ce bari in leƙa ginin bayan. Na gyara tabarau na karanta allon ƙofa, sashen ƙwaƙwalwa. A bencinsu ga wani magidanci zaune yana kallon ƙasa, wata tsohuwa na riƙe da hannunsa. Gwaggo, ƙafafuna da kansu suka juya. Muna isowa shago na ninke takardar zuwa wurin likitan nan gida huɗu, na kwance bayan wata tsohuwar rediyo ta katako da ke saman kanta, na cusa ta ciki, na mayar da noti huɗu na ɗaure tamau. Ta gwajin kunnen kuwa na shiga da ita gida ina ɗaga ta kamar yaron da ya zo na ɗaya.

Da yamma kowa na tsakar gida, na yi gyaran murya na sanar da cewa likita ta ce Manaja yana ji ras, har ya fi ni. Na zauna ina jiran a yi mini sannu da ƙoƙari. Direba ya ajiye kofinsa a hankali, ya yi hamdala, ya ce to ashe duk shekarun nan yaron yana jin kiran da ake masa, raini ne kawai, rashin ji ne irin na gaske. Kashegari ya cire bel ɗinsa.

Tun daga ranar gidanmu ya zama taron masana. Ƙanwata ta ce uwar ce ta sangarta shi, ita da ba ta taɓa zama da yaron na minti goma ba. Mai askin da ke kallon shagona ya ce kallon katun ne a waya, alhali yaron ko wayar bai damu da ita ba, sai murfin bayanta. Tsohuwata, wato matata, kakarsa, ta ce iska ce, ta turara masa abubuwan da suka kori sauro daga layinmu gaba ɗaya, shi kuwa yana nan yadda yake. Ni mai takarda a cikin rediyo ina zaune ina gyaɗa wa kowa kai.

Makaranta ma ta kawo nata ilimin. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen tayar mota ne da ake dokawa da guduma. Da an doka, Manaja zai toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin tebur, ba mai iya fito da shi. Malamarsu ta rubuta a takardar sakamako, da jan biro, cewa ba ya ji. Shugabar makarantar ta kira ubansa ta ce a tafi da shi gida, in ya koyi zama a aji a dawo da shi. Ban san ko haka ake yi yanzu ba, a koyo a gida sannan a kai makaranta a nuna.

Bari in gaya miki abin da bel ya gyara a wata biyar. Yaron da aka ce ba ya ji yana gane ƙarar motar ubansa tun tana kwanar gidan mai, kafin kowa ya ji komai. Da ya ji ta sai ya bar baturansa ya shige ƙarƙashin teburina, wani lokaci in ga wandonsa ya jiƙe. Ya fara cizon bayan hannunsa har ya yi kanta. Labaran da yake karanta mana sun tsaya cak. Ni da nake cewa ya ishe ni da tallan sabulu, yanzu kunna rediyo nake yi in an zo tallan, ina satar kallon bakinsa ko zai motsa.

Kada ki ɗauka ɗana mugu ne. Yana fita tun asuba, ya dawo da ciwon baya, kuma in yaron ya yi zazzaɓi shi ne mai fara ruɗewa. Watan jiya Manaja ya ga wani keke a kife a bakin titi, tayarsa na juyawa, ya saki hannun uwarsa ya nufe shi a guje. Direba ya kwarara masa kira har muryarsa ta dushe, yaron ko waiwaye. Wani mai babur ya kauce masa da ƙyar, ya faɗa kwata. Na ga ɗana a ranar yana zaune a dakali. Ya ce mini gara yaron ya yi kuka a hannunsa da ya ɗauko shi daga kan kwalta. Da na ce ya sassauta, sai ya tuna mini da wayar wuta mai roba da nake ajiyewa a bayan ƙofar shago lokacin yana yaro, ya ce ga shi ta yi masa amfani.

Yanzu ga inda aka kai. Direba ya yanke cewa hannunsa ya yi wa yaron laushi, zai kai shi wurin kawunsa, ƙanen tsohuwata, wani tsohon soja da muke kira Saje, tafiyar yini guda daga nan. Saje ya yi suna a dangi wajen gyaran yara. An taɓa kai masa biyu, suka dawo suna gaishe da kowa har da kujeru, ɗayansu kuma har ya yi aure bai sake taka garin ba. Saura kwana goma sha biyu Direba ya samu hutu su tafi. An sayo jaka. Uwar tana ɗinka masa kaya, keken na tafiya hawaye na sauka a kan yadin. Sau biyu tana zuwa ƙofar shago ta tambaye ni, cikin ladabi, ko likita ba ta ƙara cewa komai ba. Sau biyu ina ce mata a'a, ina goge wani abu da ba ya buƙatar gogewa.

Kin ga abin da ya ɗaure ni. In na fito da takardar, gobe mai aski zai sanar da duk wanda ya zauna a kujerarsa cewa jikan mai rediyo yana zuwa sashen ƙwaƙwalwa, kuma yaron yana da yayye mata biyu da za su girma a unguwar nan. Sannan ɗana zai dube ni ya tambaye ni duk dukan wata biyar ɗin nan a wuyan wa yake. Ni da ban taɓa ba ɗana haƙuri ba tunda aka haife shi.

Na yi wata dabara, ina so ki duba mini ita. In ce kunnena nake so a duba, tunda dama an gayyace ni, in tafi da Manaja rakiya, in roƙi likitar ta rubuta sabuwar takarda mai kwanan watan yau, in dawo gida ina salati kamar yanzu na ji. Kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya. Ko kuwa in bar shi ya je wurin Saje na wata uku, wataƙila su ne da gaskiya, ni ne tsufa ya sa zuciyata ta yi ruwa? Ki faɗa mini gaskiya, amma ki tuna ina da hawan jini.

Naki,
Tsohon Mai Gyaran Rediyo

*

Malam Mai Rediyo,

Sannu da aiki. A shekarun da na yi a wannan fili an rubuto mini takardar asibiti ta ɓace, an rubuto mini ruwa ya jiƙa ta, amma kai ne na farko da ya ɗaure ta da noti huɗu. Ka sha maganin hawan jininka, ka gyara zama.

Mu fara da kalmar da ta haɗa ku faɗa. Mutum uku a gidanku sun ce yaro ba ya ji, kuma ba wanda ya ji ɗan'uwansa. Kai kunne ka nufa. Ɗanka biyayya yake nufi. Surukarka kuwa, wadda ta fi ku duka zama da yaron, tana nufin tana miƙa masa magana ba ta isa inda yake, ta rasa sunan abin, ta ɗauki kalmar da ta samu a kusa. Harshenmu ya ɗora wa ji kaya da yawa. Da shi muke jin kira, da shi muke jin magana, da shi kuma muke jin zafi da tsoro. Likita ta auna na farko kaɗai, ɗanka ya yanke hukunci a kan na biyu, na ukun kuwa ba wanda ya tambaya. Yaron da ke shigewa ƙarƙashin tebur saboda ƙararrawa, ji ne ya yi masa yawa. Bel ɗin ma ya ji shi, ka ga shaida a wandonsa.

Ni ba likita ba ce, kuma ba a gane ciwo ta wasiƙa. Wataƙila abin da likitar nan ta ambata ne, wataƙila wani abu ne kusa da shi, shi ya sa aka yi ranar Talata. Amma ga abin da na sani daga bakin masu aikin. Otizim, wanda wasu ke kira galahanga duk da mun mayar da kalmar kwandon zuba kowace lalura, ba hauka ba ne. Sangarta ba ta kawo shi, kuma ba laifin uwa ba ne, a isar wa ƙanwarka da gaisuwata. Yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwar yaro ke karɓar magana da ƙara da mutane, da shi yake tasowa. Babu allurar da ke cire shi. Akwai koyarwa da ke taimaka wa yaro ya yi magana, ya zauna da mutane, ya kula da kansa, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninta. Wata biyar sun tafi a cikin rediyo, kada na shida ya bi su.

Allon da ya kore ka kuwa, ƙwaƙwalwa ai a jiki take, kamar kunnen da ka kai ba tare da jin kunya ba. Magidancin da ka gani a benci yana da wadda ta kawo shi ta zauna tana riƙe da hannunsa. A ranar, tsohuwar nan ta fi ka jarumta.

Ka fi ni sanin rediyon da mai ita ya saba mari in ta yi shiru. Takan yi magana na minti biyu, ya ce ka gani, har ranar da za a kawo maka ita komai na ciki ya saki. Kada ka ja misalin da nisa, don jikanka ba lalacewa ya yi ba. Amma in rediyo ba ta gyaruwa da mari, ban ga dalilin da zai sa a gwada a kan ɗan shekara shida ba.

Batun Saje, a'a. Ba na ce mugu ba ne, abin da ya iya ke nan, kuma shi ma za a kai masa aikin da ba a gaya masa gaskiyarsa ba. Yaron da ke ihu in an gusar da batir ɗaya, za ku ɗauke shi gaba ɗayansa daga uwarsa da bencinsa ku ajiye a gidan da bai sani ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ba shi da bakin da zai ba da labarin abin da aka yi masa a can. In ya dawo shiru za ku ce ya gyaru.

Dabararka ta sabuwar takarda ta burge ni, ka yi asarar zama lauya. Sai dai asibiti na da kati, katin na da kwanan wata, kuma ranar da likita za ta ce ai tun wata biyar na turo ku, a gaban ɗanka za ta faɗa. Ko da ba za a gane ba, akwai matar da ta durƙusa sau biyu ta tambaye ka, dangi na zaginta a kan abin da ka san ba laifinta ba ne. Ita za ka fara gaya wa, yau, tsohuwarka na zaune a wurin don kunya ta ragu. Kada ka yi dogon bayani. Ka ce ka ɓoye, tsoro ne ya sa, ta yafe maka.

Sannan ɗanka, ku biyu a shago, ba a tsakar gida ba. Kada ka fara da bel ɗinsa, ka fara da naka laifin, takardar da kuma wayar bayan ƙofa. Zai yi fushi, yana da hakki, ka bar shi ya yi. Mutumin da ya yi maka maganar kwalta a dakali tsoro ne ke dukan ɗansa ta hannunsa, kuma tsoron nan gaskiya ne, titi ba ya wasa. Don haka ka ba shi abin da zai riƙe a madadin bel. A saka sakata a saman ƙofar gida inda hannun yaro ba ya kaiwa. A bakin titi a riƙe wuyan hannunsa, kowace rana, ba sai ya nema ba. A koya masa tsayawa a cikin gida kamar wasa, kalma ɗaya da alamar hannu ɗaya, a maimaita har ta zauna. Hutun da Direba ya ware don tafiya, ya kashe ranar Talatarsa a asibiti. Abin da ya ƙi ji daga bakinka zai iya karɓa daga bakin likita, musamman in shi ya yi tambayoyin da kansa.

Kafin nan, a daina kwarara masa kira daga nesa. A zo kusa, a rage tsawo, a faɗi abu ɗaya a gajarce, a jira. Jiran ya fi komai wuya a gidan da kowa masani ne. In za a canja masa wani abu, a gaya masa tukuna. Kana da tsofaffin abin sawa a kunne a shago, ka yanke wa ɗaya waya ya riƙa sawa inda ƙara ta yi yawa. Baturan nan ma kada a raina su, ka zauna kusa ka riƙa miƙa masa ɗaya ɗaya kana jiran ya nema, ta nan hira ke farawa. Ban ce a sakar masa komai ba. In zai ciji kansa ko wani, a riƙe shi a hana, da ƙarfi amma ba da duka ba, kuma a gaya wa likita batun cizon da fitsarin.

Makaranta ku koma da takardar likita a hannu. Malamar da ke fama da aji cike da yara ba za ta gane abin da ba a gaya mata ba. Ku roƙa a zaunar da shi nesa da ƙarfen nan, a riƙa yi masa alama kafin a doka. In shugabar ta ce har yanzu sai ya koyo daga gida, ku nemi inda ake koyarwa.

Mai aski kuwa, ai ya riga ya fara magana tun tuni, kai ne ba ka zauna a kujerarsa ba. Yayyen yaron za su fi cutuwa da girma a gidan da suke kallon ana dukan ƙanensu, fiye da duk abin da za a faɗa a layi.

In ka yi duk wannan ɗanka ya ce shi dai sai ya kai shi, to ka tuna kai ka haife shi. Ka tsaya a ƙofa ka ce yaron nan ba inda za shi, ko da zai yi wata bai gaishe ka ba. Girma ba don a ba ka kujerar gaba a mota kawai aka yi shi ba, akwai ranar da ake kashe shi a kan wanda ba shi da bakin kare kansa, taka ranar ta zo.

Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki, ya sanyaya zuciyar uban, ya share hawayen uwar, ya raya Manaja cikin aminci a gaban idonku.

Gwaggo